Tukunya Mai Uwa

Kai da kake karanta wannan, ka gani ka kau da kai. Sau nawa ka tsaya a tashar manyan motoci ta Gaya, aka miƙo maka jan ruwa a leda aka ce kunun zaƙi ne, ka shanye, harshenka ya rine kamar na ɗan akuya, ba ka ce uffan ba? Dawa tana jibge a rumbunan Tanda, mu kuma muna shan garin sashe, na ƴan ƙunshin ledar kanti, da ba wanda ya san a ina aka niƙa shi.

Ajuma ma shekara huɗu tana sayar da wannan jan ruwan a rumfar da ke bakin layin kamiyo, manyan motocin kaya. Ran wata Asabar sarkin tasha, Alhaji Siddo, ya zo ya tsaya a kanta.

"Ajuma, direbobi sun kawo ƙara. Sun ce idan sun sha kununki, ƴan duwan, masu kwastan na iyakar Malanville, kan tambaye su ko jan baki suka shafa. Zuwa Juma'a ki kawo kunu na gaskiya, ko na ba mai shayi rumfar."

Rumfar nan ita ce kaɗai mai inuwa a duk layin. Wanda ya rasa ta sai ya bi rana da bokiti a ka.

Ajuma ta koma gida ta tuno yadda kakarta ke yi. Ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da farin tsiro. Ta shanya, ta kai niƙa, ta daka citta da kanumfari. Abu ɗaya ya rage: babbar tukunyar ƙasa. Sai ta leƙa gidan maƙwabciyarta Asabe, wadda ta taso daga hayin gada, inda danginta ke dafa cukutu, giyar dawa ta mutanen Benin.

"Ɗauki, ƙawata," in ji Asabe. "Amma ki kula, tukunyar nan da uwarta."

Ajuma ta ɗauka tukunyar mahaifiyar Asabe ce. Saboda haka ta rungume ta kamar jaririya, ta ɗauraye ta sama-sama, ba ta yarda soso ya taɓa cikinta ba, kada ta kankare kayan tsohuwa. Ba ta san cewa a bakin masu cukutu, uwa ita ce guntun tsohuwar dahuwa da ke manne a gindin tukunya, wanda ke tayar da sabon dami ya zama giya ba.

Ran Alhamis da safe ta dama kunun, ta zuba garin tsiro, ya yi zaƙi ba tare da sukari ba. Ta tace. Aka ɗauke kuran, wato lantarki, firigon sanyaya kaya ya mutu, sai ta bar shi rufe a tukunyar har washegari. Da ta buɗe ta ga kumfa yana ɗan tsalle, ta ce albarka ce.

Bayan sallar Juma'a direbobi suka cika rumfa. Na farko da ya sha shi ne Bawa, mutumin da shekara goma ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ya sha moɗa ɗaya, ya nemi ta biyu, ya nemi ta uku. Can sai ya tashi ya je ya dafa tayar kamiyonsa.

"Ke kaɗai kika san wahalata," ya ce wa tayar. "Daga Cotonou har nan, ba ki taɓa yi mini gori ba."

"Bawa, lafiya?"

"Inna Ajuma, ina ƙaunar kowa a tashar nan. Har ƴan duwan."

Nan aka san akwai matsala.

Alhaji Siddo ya iso da carbi a hannu. Ya karɓi moɗa, ya kai hanci, ya ajiye da sauri.

"Subhanallahi! Cukutu ne! Mai kwana ɗaya ma, bai gama nuna ba!"

 Ajuma ta ga inuwarta tana tafiya hannun mai shayi. Sai ta ɗaga kai a hankali.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban taɓa jin warinsa ba, shi ya sa ban gane ba. Kai a ina ka san har kwanansa?"

Wani direba ya shaƙe da dariya. Wani ya ce, "Sarki, ashe lokacin da kake hanyar Parakou ba tuƙi kaɗai ka koyo ba!"

"Labari na ji," in ji Siddo. "Labari kawai."

"Labari da hanci?" in ji Ajuma.

Ana cikin haka Asabe ta iso da gudu, zani a hannu. "Ajuma! Ba ki kankare uwar ba?"

"In kankare uwarki? Da wane ido zan dube ki?"

Sai da Asabe ta zauna a ƙasa don dariya kafin ta iya yin bayani. Ajuma ta tuntsurar da sauran kunun a kwata, tana istigfari. Aka kwantar da Bawa a inuwa, aka karɓe masa makulli har gobe. Siddo ya gyara hula, ya ce tunda kuskure ne kuma ba wanda ya san komai, har shi, rumfa tana hannun Ajuma, da sharaɗin sabuwar tukunya marainiya.

Ta saya. Yanzu takan dama da safe ta sayar kafin la'asar, fari tas, zaƙinsa daga tsiron dawar Tanda. Amma masu sashe bakwai ne a layin, nasu ja wur, kuma har yau wurinsu kake tsayawa. Gobe in ka shiga tasha, wuce su ka je rumfar Ajuma ka sha. In aka sake miƙo maka jan ruwa, mayar da shi, ka tambayi mai shi da babbar murya ina dawar da ke ciki.