Dogon Yatsa a Jinin Nabbosa

…kuma ya kama. Ya kama fa! Sai juya hoton take yi a fuskar kwamfuta, hagu, dama, ta kifa shi, ta ɗago shi — yana nan daram. Nutsu, Nansubuga. Shekararki hamsin da ɗaya, duk ɗakin binciken nan ba wanda ya taɓa jin dariyarki da ƙarfi. Shayi ya huce. To ya huce mana.

Ga ƙayar da ke jikin ƙwayar HIV, toka-toka, lulluɓe da sukari ruf, ba ta inda za a taɓa ta. Ga kuma sojan garkuwar jiki, wanda suka tsamo daga jinin Mama Nabbosa, mai bandar kifin nan da ke ɗauke da cutar… ya zura wani dogon yatsa ta tsakanin lulluɓin, ya danna can gindi. Gindi! Shekara shida suna leƙen tsinin sama, inda kowa ke leƙe, inda ƙwayar ke sauya kama duk wayewar gari. Nan ƙasa kuwa ba ta isa ta sauya ba. Da shi take buɗe ƙofar jikin mutum. In ta sauya shi, ta rasa hanyar shiga.

Ta tuno: hayaƙi, ƙarnin kifi, bakin tafki. Nabbosa tsugune gaban murhun banda, hannu har gwiwa cikin kwando. "Likita, wa ya ce miki ana riƙe kifi ta gadon baya? Santsi! Yatsa ake sa masa a ƙarƙashin kunne, ya shiga taitayinsa." Ashe tun ranar aka faɗa mata… ita kuwa tana ta kare takalminta daga caɓi.

Kwalba tara ta jininta, duk Larabar farkon wata. Shekara takwas, kwalekwale daga tsibiri har nan garin Entebbe, ko ana ruwa. "Ke 'yar boko, sauro ma ya fi ki kunya, shi ya sha ya tafi. Miya kike yi da shi ne?" Sannan watan jiya, ba wasa a fuskar, tana danne audugar a hannu: "Na gaji, ƙanwata. Larabar wata mai zuwa in ba abin da za ki nuna min da idona, kin daina ganina."

Yau ce Larabar. Goma saura.

Yanzu sai a ƙera gindin nan shi kaɗai, ba ƙwayar, a yi allura da shi, jiki ya gani ya koyi fito da irin yatsan tun cuta ba ta zo ba. Gwaji a kan ɓeraye tukuna. Birai. Shekara goma? Wa ya sani — amma yau an san inda za a nufa, an sani! Ta danna a buga hoton a takarda.

Injin buga takarda na ta gurnani. Nabbosa za ta tambaya, dole ta tambaya: to zai warkar da ni? A'a, Yaya. Ba naki ba ne… na Namata ne, autarki, mai shekara sha shida, da duk sa'anninta da cutar ba ta taɓa ba. Da wane baki ake faɗin wannan? Za ta yi fushi? Ko buɗa za ta rangaɗa?

Silifa a baranda, faƙat-faƙat. Ƙamshin bandar kifi ya riga ta shigowa. "Ina mai shan jinin nan take?"

Takardar da ɗuminta a hannu. Turancin duk ya gudu, ba ko kalma. Sai yatsa ɗaya da ta ga ta ɗaga sama, a lanƙwashe kamar mai riƙe kifi — ƙofar kuma tana buɗewa…