Tayar Baya ta Hagu

Warin ƙuna ne ya riga motar shigowa garejin. Shiru yana tsugune yana wanke notuna a cikin gwangwanin fetur, bai ɗaga kai ba sai da ya ji muryar. Shekara biyu rabonsa da ita, amma ko daga barci aka tashe shi zai gane ta.

"Ku direbobi duk halinku ɗaya! Mutum ya ja mota da birkin hannu a sama, kamar ba shi da ido!"

Farar motar ofis ce, wadda Shiru ya tuƙa shekara tara. Manaja ya fito daga kujerar baya yana fifita da fayil. Direban, dattijo mai furfura a gemu, ya tsaya riƙe da makulli da hannu biyu.

"Wallahi yallaɓai na sauke shi. Tun daga ƙofar ofis na sauke."

"Rufe mini baki. Yau za ka ajiye makullin nan."

Mai gareji ya leƙo daga ƙarƙashin wata babbar mota. "Shiru, ga naka ya zo. Birki ne."

Kowa a garejin ya san birki na Shiru ne. Ya zo koyon aiki yana dab da shekara hamsin, ana tsokanarsa da ɗalibi mai jika, ya ƙi inji, ya ƙi wayar wuta, ya ce shi birki kawai. Ba wanda ya taɓa jin dalili daga bakinsa.

Dalilin yana cikin wata leda a ƙasan akwatin kayan aikinsa. Fatun birki ne guda huɗu, waɗanda Manaja ya watsa masa a kan tebur ranar da ya kore shi, ya ce ya tafi da su ya riƙa tunawa. A gefen teburin kuma, a ranar, makaniken ofis na tsaye, yayan matar Shiru, wanda Shiru da kansa ya yi ta roƙo har aka ba shi aikin kula da motocin. Da aka tambaye shi me ya cinye birki cikin wata uku, ko ƙifta ido bai yi ba ya ce birkin hannu ne, direba ke mantawa da shi.

Shiru ya goge hannu, ya ƙara jawo hularsa ƙasa, ya karɓi makullin daga hannun direban. Manaja bai dube shi ba. Dama ba ya duban mai baƙar riga.

"Yallaɓai, zo ka taɓa nan."

"In taɓa me?"

"Ƙarfen tayar bayan nan ta dama. Don ka ga da hannunka."

Manaja ya yi tsaki, ya sunkuya ya dafa. "To, sai me? Ɗumi ne kaɗan."

"Zagayo ka taɓa ta hagu."

Duk wanda ya san aikin, bayan hannu yake kawowa kusa ya ji hucin, ba ya dafawa. Shiru ya san haka. Ya bar Manaja ya ɗora tafin hannunsa gaba ɗaya.

Ihun da ya yi har mai faci na ƙetaren titi sai da ya waigo. Fayil ya faɗi, takardu suka watse a cikin baƙin mai. Ya riƙa yarfe hannu yana hura shi.

"Kai mahaukaci ne? Ba ka ce da zafi ba!"

"Ayya, sannu yallaɓai." Muryar Shiru ko rawa ba ta yi ba. "Birkin hannu tayoyin baya biyu yake kamawa. Bai san hagu ba, bai san dama ba. Da shi ne, da hannu biyu ka ƙone."

Dattijon direban ya ɗago kai a hankali.

Shiru ya ce sai ƙarfe ya sha iska kafin a taɓa shi. Gaskiya ne, amma bai nuna wa kowa benci ba. Manaja ya tsaya a rana da hannu a cikin kofin ruwa. Sai da Shiru ya ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga sannan ya sa jak ya ɗaga bayan motar. Ya juya tayar dama, ta yi ta juyawa ita kaɗai. Ya juya ta hagu da hannu biyu, ta motsa taki ɗaya ta cije.

Ya kwance tayar. Ya sassauta ɗan notin da ake fitar da iska, man birki ya ɗigo, faifan birkin bai saki ba.

"Ba tiyon mai ba ne," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Ya koma kan kalifa, ƙarfen nan da ke rungume faifai yana matse fatun birki a jikinsa. Ya murɗa fistan da ke tura fatun, ya koma ciki ba gardama. Saura fil biyu da kalifar ke zamewa a kansu in an taka birki, ta dawo in an saki. Na sama ya zaro da yatsa. Na ƙasa ya ƙi. Ya sa filaya, ya ƙi. Sai da ya dake shi da guduma sau shida ya fito, robar bakinsa ta kumbura ta yi suntum, jikinsa duk baƙin giris da ya bushe ya zama kamar kwalta.

Shiru ya kai shi hanci. Wannan giris ɗin cin roba yake yi, ba a sa shi a birki. Mutum ɗaya ya sani da ke da gwangwani guda na giris don komai, daga ƙafar mota har ƙyauren gida, yana cewa giris ai giris ne.

Ya kwance tayar dama ita ma, ya zare fatun duka ya jera a kan kwali. Na dama biyu kai ɗaya, da sauran nama. Na hagu, ta waje kamar jiya aka sa ta, ta ciki kuwa ta cinye har ƙarfe, ta yi shuɗi don wuta.

"Kalifar ba ta komawa. Ko an saki birki, wannan fatar tana nan manne da faifai, tana ci tana ƙuna. Ko mala'ika ka ba motar nan, wata uku zai cinye ta."

"Ni ne na uku, ɗan'uwa," in ji direban, murya ƙasa-ƙasa. "An ce biyu aka sallama kafin ni."

"Uku aka sallama," in ji Shiru.

Shiru ya je akwatinsa ya ɗauko ledar. Ya kwance ƙullin ba gaggawa, ya jera tsoffin fatun huɗu a ƙarƙashin sababbin, kowace a saitin 'yar'uwarta. Sun yi tsatsa, amma cin iri ɗaya ne. Ta ciki ta hagu, har ƙarfe. Sannan ya cire hularsa.

Manaja ya dubi kwalin, ya dubi fuskar.

"Kai ne?"

"Ka ce in riƙa tunawa, yallaɓai. Ban manta ba."

"To ai... ni abin da makanike ya faɗa mini..."

"Takardar da ka ba ni, ka rubuta ganganci da kayan ofis. Wuri uku na je neman tuƙi. Wuri uku aka karanta aka miƙo mini abata, ko zama ba a ce in yi ba. 'Yata ta karanta ta, yallaɓai. A gabana."

"Za a gyara. Zan sa sakatare..."

"Yau. Da hannunka."

Manaja ya dubi tafin hannunsa da ya fara tasowa. Ya ɗaga kai alamar to. Daga nan kunya ta juye ta zama fushi, kamar yadda Shiru ya san za ta yi. Ya laluba aljihu da hannun hagu ya fito da waya.

"Wannan makaniken, yau zai san ni. Shekara biyu yana canza mini fata yana sa ni korar mutane!"

Shiru ya dubi fil ɗin da ke hannunsa. Makaniken nan, yayan matarsa, shi ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta. Shi ne kuma duk ranar hutu yake zuwa gidan ya miƙe ƙafa a tabarma, ya ce, "Ina mai birkin hannu?" yara su yi dariya, matar ta ce wasa ne, a yi haƙuri. Shekara biyu Shiru yana zuba masa ruwan wanke hannu.

"Yallaɓai, ajiye wayarka. In kai ka kira, zai shirya magana a hanya. Bari ni in kira shi."

Ya latsa lambar. Aka ɗauka a ƙara na uku.

"Yaya, ni ne. Ina wuni. Wata mota aka kawo mana, birkinta ya fi ƙarfina. Ko za ka daure ka zo ka duba mini?"

Dariyar har Manaja ya ji ta. "Ba na gaya maka ba? Direba daban, makanike daban. Kar ka taɓa komai, ga ni nan zuwa."

"Ba zan taɓa ba, Yaya."

Ya kashe. Ya ajiye fil ɗin a tsakiyar kwalin, bai goge giris ɗin ba. Ya jawo bencin da ke inuwa ya ce wa dattijon direban ya zauna, ya ajiye masa makullin motar a cinya. Wayarsa ta yi haske, sunan matarsa ya fito. Ya duba ta har ta katse, ya kife ta a kan akwati.

Sannan ya zauna yana fuskantar ƙofar gareji, ya ɗora hannuwa a gwiwa.