Sawun Barewa a Bayan Palladan

"Riƙe ta da kyau, Maman Hope, kada ta yi kuka Baba ya ji," in ji Tabitha.

Ni da ita muna jan akuyar Bisi mai shago zuwa gindin wata 'yar kanya a bayan layinmu na Palladan. Da girmana, malamar firamare guda a Samaru, ga ni a duƙe ina danna kofaton akuya a ƙasa. Gajiya ce ta kai mu ga haka.

Baba Yunana, mahaifin Tabitha, maharbi ne tun wurin nan yana daji. Dabararsa ita ce ya kankare ƙasa a ƙarƙashin reshe, ya zuba kashin namijin barewa da ya samo daga wani dajin. Namijin da ke da wurin zai ji warin baƙo, ransa ya ɓaci, ya zo ya tone ya zuba nasa. Baba kuwa yana laɓe da bindiga.

Yanzu dajin ya zama fulotai da bulo. Ƙafafun Baba sun kumbura, numfashi sai da ƙyar, amma kullum da safe sai ya dogara sanda ya je gindin kanyar nan ya kankare. Kashin ma tsohon ajiya ne a gwangwani, ya bushe, ko wari ba ya yi. Ya kafe ba zai je asibiti ba sai namijin barewa ya taka wurin. Fasto ya yi magana, ni ma na yi har bakina ya gaji. Tabitha ta rufe rumfarta ta kasuwar Sabon Gari tana jinya.

Muka share sawunmu, na kora akuya, ita ta ruga gida. "Baba, ya zo! Taho ka gani!"

Ya daɗe kafin ya iso, yana hutawa a jikin katangun mutane. Ya duƙa da ƙyar, ya sa yatsa cikin sawun.

"Akuyar Bisi," ya ce. "Kofatonta ya yi tsawo, ku gaya mata ta yanke."

Tabitha ta fashe da kuka. "Baba, na gaji! Na gaji da jin numfashin nan naka. Barewa ta ƙare a nan tun kafin in yi aure."

"Na sani, 'yar nan." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kun shirya wuri, kun laɓe, tsohon namiji ya taho da ƙafarsa. Aikinku ya yi kyau. Kira Eric mai tasi."

A asibiti likita ya ce zuciya ce, kuma mun makara. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, tausayinsa kuma ya hana ni faɗa.

Ranar Lahadi bayan sujada na kai musu kunu. Baba bai gane ni ba. Hannunsa na dama yana kan zanen gado, yatsun suna kankare shi a hankali, suna share wuri ɗan daidai tafin hannu. Tabitha ta kai hannu za ta riƙe, na ce ta bar shi.

Muna zaune muna kallo har yatsun suka tsaya.