Rabin Yinin Yagana

Cokalin kunu na hannuna, na kai shi bakin Yagana, ta kau da kai ta ce kowa ya fita.

"Ban da ke, Tasalla. Ke zauna."

Kwana tara ke nan da aka dawo da ita daga asibitin Kano, likita ya ce a kai ta gida kawai, kuma kwana taran nan ban yarda na bar ta da kowa ba. Matan unguwa sai yabona suke yi, wai duk Kazaure babu maƙwabciya irina. Ni kuwa na san abin da ya dasa ni a ɗakin. Gadin bakinta nake yi. Ko liman ne ya shigo yi mata addu'a, sai in ƙirƙiri gyaran matashin kai in tsaya.

Abin ya samo asali ne tun shekarar da aka sami 'yancin kai. A kakar nan ni da Yagana duk muna goyo, ni da Shatu, ita da Mairam, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma gidajen biyu babu wanda tukunyarsa ke cika. Alhaji Mamuda mai sayen gyaɗa yana ɗaukar mata su sheƙe gyaɗa, su tsince ruɓaɓɓiya kafin a ɗura a buhu, amma ba ya ɗaukar mai goyo, wai saboda ƙura. Yagana, da yake Babarbariya ce mai baki, ta yafa gyale ta same shi har rumfarsa.

"Alhaji, wuri ɗaya za ka ba mu, mu biyu. Ni safe, ita bayan azahar. Wadda ke gida ita ke da yara. Ran da ɗan wata ba lafiya, ɗayar ta yini."

Ya yi dariya ya yarda. Kafin kaka ta ƙare, rabin matan rumfar bibbiyu suke. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: "Kunu da nonon akuya, Tasalla. Ban da mama. Ba mu san wa zai so wa ba nan gaba." Na ce haba, sai ka ce ban san addini ba.

To, ran nan motoci uku suka zo ɗaukar kaya a tare, aka riƙe Yagana har la'asar. Mairam na zazzaɓi, ta ƙi kunu, ta ƙi nonon akuya, ta yi kuka har muryarta ta dishe, leɓenta ya bushe. Na tura ƙofa na ba ta mama. Ta kama kamar dama ni take jira. Da sau ɗaya ne ma da sauƙi, sai yarinya ta saba, ni ma na saba, muka ci kakar nan gaba ɗaya a haka. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan shekara goma sha takwas sai ga ɗana na fari, wanda kuke ce wa Lauwali, ni dai Direba nake ce masa tun da ya fara jan tifa a aikin titin Roni, ya ce duk duniya sai Mairam. Ita ma ta gama makarantar horon malamai, ta ce sai shi. Duk wadda ta sha nonona kuwa ƙanwarsa ce, aure ya haramta, ko yaro ya san wannan. Na yi shiru, ina cewa zai wuce. Bai wuce ba. Kullum in ce gobe zan faɗa, goben ta zo in ga yadda yake shigowa gida yana fito, sai bakina ya mutu.

Yagana ce ta riƙa ja. A bari ta fara aiki. A bari bayan kaka. A bari 'yan uwanta su zo daga gabas. Sau uku ana kai goro tana mayarwa. Na riƙa auna ta: ta sani ne, ko girman kai ne? Na zaɓi wanda ya fi mini daɗi, na bi gidaje ina cewa Babarbare take nema wa 'yarta, mu ba mu isa ba. Allah ya yafe mini, na san ƙarya nake yi. Da ciwo ya kwantar da ita, Kawu Daudu, ƙanen marigayi mijina, ya ce a daina jan rai, a ɗaura ranar Juma'a ta gani da idonta. Ranar Talata ce ta kori mutane daga ɗakin.

Na leƙa tsakar gida na tabbata Mairam ta nufi rijiya, sannan na dawo na zauna bakin gado.

"Juma'a suka ce ko?"

"Haka Kawu ya ce."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Maganar maza ce."

Ta dube ni. Idon nan ya faɗa, amma kallon yana nan yadda na san shi.

"Tasalla, kakar da muka yi aikin Mamuda, nakan dawo nono ya cika yana mini zogi. In ɗauki yarinya, ta kau da kai ta yi barci. Kunu ba ya ƙosar da jariri haka."

Na ce, "Wa kika gaya wa?" Ku ji fa, mace na gaɓar mutuwa, abin da ya fara fita bakina ke nan.

"Babu. Shi ya sa kika hana ni sakat da liman?" Ta so ta yi dariya, tari ya tare ta. Na ɗaga ta na ba ta ruwa. "Ban gani da idona ba. Zato nake yi, ba na ɗora wa mutum zato. Da na tambaye ki a lokacin, da aikin ya watse, mu duka mu zauna da yunwa. Daga baya kuma na ce ai za ki faɗa da kanki. Ina ta jira, ina ta mayar da goro, ke kina yawo da ni gida gida."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Na ba ta," na ce. "Ba sau ɗaya ba."

Ta lumshe ido ta sauke numfashi. "Alhamdulillahi. Ban ji haushi ba, ki sani. Ba don ke ba da wataƙila ran nan na dawo na tarar da gawa."

"Ki faɗa musu ke, Yagana. Ke ba za su ƙi ki ba. Ni yaron nan ba zai ƙara kallona ba."

"A'a. Na yi nawa rabin yinin, shekara biyu ina tarewa. Saura naki."

Ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Laraba ta wuni tana barci. Alhamis bayan azahar, ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ji ƙafar ta saki. Ni na rufe mata ido, ni na zuba ruwa aka yi mata wanka, kafin la'asar sakaliya an kai ta.

Ba zan ɓoye muku ba, a zaman makokin nan zuciyata ta raya mini cewa yanzu duk duniya ni kaɗai na sani. Na riƙa duban fuskokin masu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ta tsegunta wa, ban ga alama ba. Ran sadakar uku Kawu Daudu ya aiko a gaya mini an ɗaga ɗaurin aure zuwa bayan arba'in. Na ce a kira mini shi zaure, shi da liman, da yaron.

Daga bayan ƙofa na faɗa, ban rage komai ba. Liman ya yi salati, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, ya ce to babu aure. Kawu ya faɗi abin da ya faɗa, kuma na cancanta. Na ji yaron ya tashi, na ji ya sa takalmi. Da yamma aka ce mini ya kwashe kayansa ya koma sansanin ma'aikata a Roni.

Kwana biyu ban ga Mairam ba. A na uku da hantsi ina dama koko, na ji sallama. Na zaci daga bakin ƙofa za ta durƙusa, fuska a rufe, yadda ake gaida suruka. Sai ta cire takalmi ta shigo, ta zauna a kan tabarmata, idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe ni ba, ba ta dube ni ba. Na tura mata kwanon. Ta daɗe tana kallonsa, tururi na tashi. Sannan ta ɗauki ludayin.