Tulip Ba Ya Jiran Ƙuri'a

Tun ƙarfe bakwai Sjoerd yake tsaye a bakin kasuwar Asabar, hannuwa cikin aljihu, ido a kan sama. Gari garau, babu ko ɗigon hadari. Abin da ya fi tsoro ke nan.

Bokiti goma sha biyar na furen tulip ne a motarsa, shukar hannunsa ta farko tun da ya bar aikin sito. Yanzu a tsuke suke. Da rana ta ɗumama motar za su buɗe, kuma babu matar da za ta kai buɗaɗɗen tulip gida. Tsukakke ake saye, ya yi mako a kan tebur.

Ba shi da rumfa. Irinsu sai su jira, in wani mai rumfa bai zo ba, sarkin kasuwa ya jefa ƙuri'a. Asabar biyu ke nan tana tsallake shi. Yau su bakwai ne, gurbi biyu.

Aka zaro takarda. Mai safa. Aka sake zarowa. Mai zuma.

Ya koma ya buɗe bayan mota. Na bakin ƙofa har sun fara nuna ja. 

"Kai, mai fure! Gawa ka ɗauko ne kake leƙe haka?"

Hilke ce, mai kifi, wadda duk kasuwa ke ce wa Goggo. Shekararta talatin a rumfa ɗaya. Tana yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kusan haka ne, Goggo."

"Zo ka ci kifi. Mai yunwa ba ya tunani."

Ya je. Ta miƙa masa ɗanyen kifi ta wutsiya, ya haɗiye ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba.

"Ke kin huta," ya ce. "Kin samu wuri."

Wiebe mai cuku, maƙwabcin rumfarta, ya bushe da dariya. "Ka ji shi! Shekara huɗu tana tsayuwa a inda ka tsaya, da keke da akwatin ƙanƙara. Mu har suna muka sa mata, Ƙuri'a-ta-ƙi."

"Rufe mana baki, tsoho. Kai cukunka ko shekara ya yi daɗa tsada yake. Ni kifi nake ɗauke da shi."

"To ya kika riƙa yi da shi?" Sjoerd ya tambaya.

"Ranar farko kyanwoyi na ba, na yi kuka. Ta biyu na yi wa kaina faɗa." Ta share wuƙa a jikin rigar aikinta. "Masu zuwa kasuwa abin gobe suke saye. Gidajen abinci abin yau suke so. Wa zai ɗora koren fure a teburin da baƙi za su zauna anjima?"

Ta ci gaba.

"Ƙofar baya za ka bi, ba ta gaba ba. Kafin sha ɗaya, kafin su hura wuta. Kada ka nemi mai gida, ka nemi mai shirya tebur. Kuma ka saki fuskar nan, don Allah."

"In suka ƙi fa?"

"Za su ƙi mana. Ni sai a ƙofa ta shida."

Ya duba agogo. Tara da kwata.

A gidan abinci na farko, wani ƙato ya ce suna da mai kawo musu, ya rufe ƙofa. Na biyu ba a ma buɗe ba. A na uku, bakin magudanar ruwa, wata mata ta juya furen a hannu, ta daɗe tana dubawa.

"Zuwa yamma za su buɗe duka?"

"Duka."

"Kawo bokiti huɗu. Ja kaɗai. In sun yi kyau, ka leƙo Juma'a."

Ya sauke mata. Saura goma sha ɗaya, masu ruwan ɗorawa sun fi yawa, kuma su suka fi saurin buɗewa. Ya matsar da motar ƙarƙashin inuwar coci, ya rungumi bokiti biyu, ya shiga lungu na gaba da sauri.