Tabo a Kuncin Zomo

A kan matakalar bene Auta ta fara ganin ɓarnar. Ta dawo ke nan daga aikin safe a ɗakin gwajin jini na asibiti, a gajiye, sai ga kyanwar roba mai hular matuƙan jirgin ruwa kwance rub da ciki a mataki na uku. Ta ɗauka ta juya ta. Wani baƙin layi ya ratsa fuskar tun daga goshi har haɓa, irin wanda ƙasan takalmi ke bari.

Shekara goma sha ɗaya Auta tana tara waɗannan 'yan tsana. Ba irin na kasuwa ba ne da ake saya wa yara. Masu zane ne ke ƙera su kaɗan-kaɗan, kowacce da lambarta a tafin ƙafa, in sun ƙare kuwa sun ƙare ke nan. Arba'in da uku gare ta, jere a kan kanta uku a ɗakinta na sama, wasu ma ba ta taɓa ciro su daga kwalinsu ba. Duk gidan an san ba a taɓa su. Ko Umma, in ta shiga shara, kewaye su take yi tana mita.

A falo ta tarar da sauran. Yayanta ya miƙe a doguwar kujera yana danna waya, matarsa na zuba shayi, 'yan biyunsu mata masu shekara huɗu kuma sun cika bahon wanki da ruwa sun tsoma rabin 'yan tsanan suna yi musu wanka. Wasu na ƙarƙashin kujera. Giwa guda an ɗaura mata igiyar takalmi a wuya, an ja ta a kan siminti har cikinta ya yi baƙi. Kwalayen an yayyaga an yi gidaje da su.

Auta ta tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, wa ya shiga ɗakinta. Yaya bai ko ɗago ba, ya ce shi ne. Yaran sun dame shi da kuka, ya hau ya tarar da ƙofa ba makulli, ya kwaso su a kwandon wanki. Ta ce ƙofa ba makulli ba ya nufin ɗakin ba mai shi. A nan ne ya ɗago ya yi dariya.

"Ke Auta, da girmanki? Shekara talatin da shida, ki tsaya kina huci a kan roba? Ai ba cinye su suka yi ba."

Matarsa ta ce a yi haƙuri, Umma ma ta ce a yi haƙuri, kuma duk su biyun Auta suke kallo, ba shi ba. Wannan ya fi dariyar ƙona mata rai. Ba ta ce wa yaran komai ba. Ta durƙusa ta tsamo kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a tawul, ta haye sama.

Yammaci uku ta yi tana gyara. In ta dawo aiki sai ta shimfiɗa tawul a teburin da ke jikin taga, ta ajiye ruwan ɗumi da ɗigon sabulun jarirai, da audugar goge kunne, da farin kilina na goge fensir. Aikin ba ya son ƙarfi. A hankali ake zagaya audugar a kan tabon, a tsaya a duba, a sake. In aka danna da yawa sheƙin robar ya tafi, ba ya dawowa. Layin fuskar kyanwa kilina ya ɗauke shi cikin minti goma. Cikin giwa sai da ta haɗa da farin man goge baki a kan yatsa, ta yi ta murzawa har wuyanta ya sage.

Tana murzawa tana lissafa wa Yaya laifuffukansa. Kekenta da ya ara wa abokinsa tun tana firamare, aka dawo da shi ba birki. Littattafanta da ya raba wa maƙwabta ba ta ma gama jarabawa ba. Ɗakinta da yake sauke baƙinsa a ciki sai dai ta dawo ta tarar da takalman maza a ƙofa. Duk abin da yake na Auta, a wurinsa na gida ne, kuma kullum ƙarshen maganar ita ake cewa ta yi haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Guda ɗaya ya gagare ta: farin zomo mai rigar masu ninƙaya, kunnensa ɗaya a lanƙwashe. Shi ta fara mallaka, wata bakwai ta jira kafin ya iso hannunta. Wani tabo mai launin toka ya zauna masa a kuncin hagu, dab da ido, ya ƙi sabulu ya ƙi kilina. Ta ajiye shi a kan tawul, da niyyar ranar hutunta ta bi shi sannu da soso mai laushi.

Ranar Alhamis ta dawo ba zomo a tebur. Umma ta tare ta da fara'a, ta ce ta kira Yaya ta yi masa faɗa sosai, shi ne ya zo ɗazu ya ɗauki wanda ya rage zai gyara mata. Ai shi mai fentin mota ne, goge tabo sana'arsa ce. Auta ta san abin da ke cikin gwangwanayen garejinsa. Ko jaka ba ta ajiye ba ta juya.

Garejin na bayan layin masu sayar da kayan gyaran mota, warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ke fara tarar mutum tun daga bakin titi. A tsakiyar rumfar akwai wata shuɗiyar mota da aka gama fesawa, an rufe gilasanta da tsofaffin jaridu, an kewaye ta da igiya, tana ta ƙyalli. Yaya na wanke bindigar fenti, takunkumi a wuya. Da ya hango ta sai ya fara yi mata sannu da zuwa da yawa, har da tambayar gajiyar aiki, abin da bai saba ba. Ta ce ya ba ta zomonta.

Ya ɗauko shi daga kan kanta, tsakanin gwangwanaye, naɗe a tsumma. Ya ce dama yana shirin kawowa, sai dai an ɗan samu matsala. Tina kaɗan ya ɗiga a tsumma, shafa ɗaya ya yi.

Tabon ya tafi. Idon hagu ma ya tafi, da jan da ke kuncin. Robar wurin ta narke ta yi danƙo, zaren tsumma ya maƙale a ciki, ga sawun babban yatsan Yaya a tsakiya ɓaro-ɓaro. Auta ta tsaya tana kallo. Shi kuwa yana ta bayani: yana da farin fenti, yana da baƙi, gobe zai zana wani idon ba wanda zai gane. Da ya ga ba ta tanka ba sai muryarsa ta koma yadda ta saba, ya ce shi fa taimako ya yi niyya, kuma a ƙarshe dai roba ce, ba ɗan mutum ba.

Ta juya za ta fita, jakarta ta taɓa igiyar da ke kewaye da motar. Yaya ya daka tsawa har mai walda na rumfar gaba ya ɗago.

"Ke, kula da motar nan! Fentin bai bushe ba, ko ƙuda ya sauka sai ya nuna."

Auta ta tsaya. Ta dubi motar, ta dubi fuskarsa da ta cika da tsoro na gaske, irin wanda bai nuna ba ko sau ɗaya a kan kayanta. Ta tsallake igiyar. Ta buɗe tafin hannunta na dama, ta ɗora a tsakiyar ƙofar direba, ta danna, ta ja ƙasa kaɗan kafin ta ɗauke.

"Ƙarfe ne kawai, Yaya," in ji ta.

Hannunsa ya ɗaga sama, ya tsaya a can, ya sauko. Ta wuce ta gabansa da zomon a hannun hagu, na daman ta riƙe shi nesa da rigarta, shuɗi har wuyan hannu.

Kwana huɗu fentin ya yi a tafinta. Abokan aiki suka ce ta sa tina mana, ta ce ko sunan ba ta son ji, ta ci gaba da sabulu da mai, tana ɓoye hannun a safar aiki. A gida Umma ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta da kyau. Ta ce Yaya sai da ya kankare ƙofar gaba ɗaya ya sake fesawa, mai motar ya zo ya yi masa tas a gaban mutane. Auta ta ji kunyar mai motar, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta Yaya kuwa ta bincika zuciyarta ba ta samu ba, ta kuma faɗa wa Umma haka. Umma ta ce mata ta kira shi ta ba shi haƙuri. Auta ta ce wannan karon ita za ta jira a kira ta.

Ba wanda ya kira. Wata biyu in ya zo gaishe da Umma, Auta na sama. In ta sauko, ya tafi. 'Yan biyu kawai ke hawowa, su tsaya a bakin ƙofa hannuwa a baya, ta nuna musu 'yan tsanan ɗaya-ɗaya tana faɗa musu sunayensu. Zomon ta mayar da shi wurinsa yadda yake, ta ɗan karkata shi gefen da ke da ido.

Wata Laraba ta dawo ta tarar da kabad na ƙarfe da gilashi a tsakar gida, dogo, mai hawa huɗu, an fesa shi fari, makulli biyu na lilo a jikinsa. Umma ta ce Yaya ne ya kawo a bayan mota ya sauke, bai bar saƙo ba. Auta ta zagaya shi sau biyu tana shafawa. A gefen hagu, can ƙasa, fenti ya zubo ya daskare kamar hawaye. Ta ciro waya ta kira shi, ko gaisuwa ba ta yi ba ta ce masa fentinsa ya zuba.

Ya ce ba zai yiwu ba, shekara ashirin yana fenti nasa bai taɓa zuba ba. Ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ranar Asabar ya zo da samfefar goge fenti da ƙaramin gwangwani, ya tsuguna a tsakar gida yana gogewa yana gunaguni, wai laifin iska ne. Auta ta jawo kujera ta zauna a bayansa da kofin shayi, tana nuna masa inda ya tsallake.