Layin Iska a Garejin Yaya

Ni na ja wa Yaya layin iska a garejinsa na fentin mota, daga injin matsa iska zuwa bindigar fenti. Aikin famfo nake yi, don haka na sa farin bututun roba, irin na ruwa. Na liƙa da gam, na gwada da ruwa, bai ɗiga ba. Na ce ya yi.

Bututun ruwa in ya gaji tsagewa yake, ya jiƙa bango. In matsattsiyar iska ce a cikinsa, tarwatsewa yake kamar kwalba. Ban sani ba. Wata takwas, zafin rana da man injin suna cin robar. Wata Talata ƙarfen jak na ɗaga mota ya ɗan bugi bututun, ya tarwatse, Yaya na tsugune a gindinsa. An cire masa idon hagu.

Bai zage ni ba. Da ya zaga da na fi samun barci.

Sati shida garejin na rufe. Na ɓamɓare robar duka, na sa bututun ƙarfe. Na bi da shi ta sama, can kusa da rufi, inda hannu ba ya kaiwa, na ɗan karkata shi don ruwan da ke taruwa ciki ya gangara zuwa bawul. Kowane taku uku na ɗaure shi da bango. Da na zo gwaji na kori kowa waje, na ƙara iska kaɗan-kaɗan, ina shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba.

Washegari Yaya ya zo da baƙin tabarau. Mai walda na maƙwabta ya leƙo.

"A'a, maigida! Ka dawo kamar ɗan sandan ciki."

"Ido ɗaya ma ya ishe ni ganin muninka, tsoho."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Dukkanmu mun san abin da ya kawo Yaya: ya ga ko hannunsa zai iya aikin har yanzu. In bai iya ba, garejin ya tashi ke nan.

Ya bi layin da kallo, sai ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya ga ɓangaren hagu.

"Auta, wannan ai ko giwa ta hau ba zai motsa ba."

"Na gwada sau uku, Yaya."

"Kunna."

Na kunna injin. Ya jingina wata tsohuwar ƙofar mota da bango, ya ɗauki bindigar fenti. Shekara goma sha bakwai yana fesawa ba tare da ya auna tazara ba, ido ke gaya masa. Zubin farko ya tsaya nesa, fentin ya sauka kamar yashi. Ya matso. Ya matso da yawa. Shuɗin fentin ya taru wuri ɗaya, ya fara zubowa layi-layi.

Ya goge, ya sake. Sau huɗu.

Mai walda ya ce, "Fentin ne ya yi ruwa."

"Ni na haɗa shi," in ji Yaya.

Ya dubi bindigar da ke rataye a yatsansa. Sannan ya kwance ta, ya wanke da tina, ruwan cire fenti, a hankali, ya naɗe a tsumma.

"Auta, in ka ji mai neman gareji, ka ce masa akwai layin iska mai kyau."

Na rufe bawul, na sauke iskar. Ta daɗe tana fita.